Ƙirga mai fita, ƙirga mai dawowa: yadda ake auna tsirar kifin salmon a teku, da yadda masuntan Katsina da Daura za su yi amfani da hanyar

Duk masuncin da ka tara a bakin dam ɗin Ajiwa ko Sabke ko Daberam ka tambaye shi ko kifi ya ragu, zai ce maka ya ragu, kuma galibi gaskiya ya faɗa. Inda magana ke tsayawa shi ne in aka ce da nawa ya ragu, tun wace shekara, kuma a wane mataki na rayuwarsa yake mutuwa. Yawan abin da aka kawo gaɓa ba ya amsa wannan. Kamu yana iya ƙaruwa alhali kifi na ƙarewa, don masunta sun ƙaru ko an koma taru mai ƙananan idanu. Yana kuma iya raguwa alhali kifi na nan, don ruwa ya cika ya bazu cikin ciyawa. Manomi ya san mudu nawa ya shuka da buhu nawa ya ɗauka, shi ya sa yake iya cewa gonarsa ta gaji. Masunci buhun kawai yake gani.

Mutanen da suka fi kowa daɗewa suna fama da wannan lissafi su ne masu kula da kifin salmon na daji a Turai da Arewacin Amurka. Hanyarsu ta cancanci a san ta dalla-dalla, domin rabinta ba ta buƙatar komai sai littafi, almakashi da haƙuri.

Abin da ya sa salmon yake ƙirguwa

Salmon na Tekun Atlantika a kogi ake haifarsa. Uwar tana tona tsakuwar ƙasan kogi a ƙarshen shekara, lokacin sanyi, ta zuba ƙwai fiye da dubu a kan kowane kilo na nauyinta, ta rufe. 'Ya'yan suna zama a kogin shekara 1 zuwa 4, a can arewa mai tsananin sanyi ma su fi haka. Idan sun kai tsawon santimita 12 zuwa 18 sai jikinsu ya koma fari fat kamar an wanke, cikinsu ya shirya wa ruwan gishiri, su gangara teku tsakanin Afrilu da Yuni. Waɗannan su za mu riƙa kira 'yan tafiya. Wasu suna zuwa kiwo Tekun Norwe, wasu har yammacin Girinlan. Bayan shekara ɗaya, biyu ko uku, wanda ya tsira yana komawa kogin da aka haife shi.

Wannan komawa gida ita ce ta ba da dama. Ba wanda zai iya ƙirga kifi a tsakiyar teku, amma ƙofar fita da ƙofar shiga ɗaya ce. A ƙirga 'yan tafiyar da suka fita bana, a ƙirga manyan da suka dawo daga cikinsu, a raba na biyu da na farko, an samu kason tsira a teku. Lissafin ke nan gaba ɗaya. Wahalar tana cikin samun lambobin biyu masu gaskiya.

Mataki na farko: ƙirga masu fita

Hanya mafi inganci ita ce a tare kogin gaba ɗaya da tarko na dindindin, ruwa ya wuce ta tsakanin ƙarafa, kifi ya zame ya faɗa akwati. Haka ake yi a Girnock, wani ƙaramin rafi da ke zuba a kogin Dee na Sikotlan, tun 1966, da Burrishoole a yammacin Ailan tun 1970, da kogin Bush a Ailan ta Arewa tun farkon shekarun 1970, da Imsa a Norwe tun tsakiyar shekarun 1970. Koguna ne ƙanana, kuma da gangan aka zaɓe su, don babban kogi ba ya taruwa.

A babban kogi ana amfani da tarko mai juyawa: ganga ce mai siffar mazurari a kan kwale-kwale biyu, ƙarfin ruwa na juya ta, kifin da ya shiga bakinta yana ƙarewa a akwatin baya. Wannan tarko wani kaso kawai yake kamawa, don haka dole a san kason. Ga yadda ake yi, da lambobin misali. A ɗebi 500 daga cikin waɗanda aka kama, a yi musu alama, a mayar da su sama da tarkon a sake. Idan 100 daga cikinsu suka sake faɗawa, tarkon yana kama ɗaya cikin biyar ke nan. In jimillar kamun kakar 4,000 ne, 'yan tafiyar da suka wuce sun kai 20,000.

A nan ake yawan yin kuskure. 'Yan tafiya sun fi gangarawa da dare, kuma sun fi yawa daidai lokacin da ruwa ya taso. A daren ne kuma itace da shara ke toshe ganga, ko ambaliya ta haye saman tarko. Wato daren da kifi ya fi wucewa shi ne daren da aka fi rasa ƙirga. Idan aka ƙirga masu fita ƙasa da yadda suke, kason tsira zai fito sama da gaskiya, a yi ta murnar banza. Maganin shi ne a gwada ƙarfin kamun tarko sau da yawa a kaka ɗaya, a ruwa mai yawa da ruwa kaɗan, kowane sati da nasa lissafi, kuma a duba akwati kowace safiya, don kifin da ya kwana biyu a cunkushe ya riga ya jikkata.

Mataki na biyu: alama

Alamomi uku aka fi amfani da su. Mafi sauƙi ita ce yanke ɗan ƙaramin fiffiken kitse da ke bayan salmon kusa da wutsiya. Ba ya sake tsirowa, kuma duk wanda ya kama kifin zai gani da ido. Sai dai ba ya faɗin komai illa cewa kifin ya taɓa shiga hannu.

Ta biyu ɗan guntun waya ne, tsawonsa kusan milimita 1, da lambobi a jikinsa, ana harba shi cikin hancin kifi. Yana nuna rukuni da kogi da shekara. Illarsa sai kifin ya mutu an yanke kai an ciro wayar an karanta da madubin ƙara girma.

Ta uku ita ce ƙwayar lantarki da ake kira PIT: ɗan kwalba mai tsawon milimita 12 da kauri kusan milimita 2, ba batir, ana sa shi cikin cikin kifi da allura. Kowace ƙwaya da lambarta. Idan kifin ya dawo ya bi ta matakalar kifi ko wata ƙofa da aka kewaye da wayar karatu, na'ura tana rubuta lambarsa da ranar, ba tare da an taɓa shi ba. A kogin Kolumbiya na Amurka da rassansa, inda salmon na Tekun Fasifik ke ratsa manyan madatsun ruwa irin su Bonneville da Lower Granite, da wannan ƙwaya ake bin kifi ɗaya ɗaya, kuma hukumar yankin ta sa burin a riƙa samun dawowar kashi 2 zuwa 6 cikin 100.

Kowace alama tana da ɓarna biyu da dole a auna. Wasu kifayen suna yar da alamar, wasu kuma kamun da allurar ne ke raunana su. Dukansu suna sa kason tsira ya fito ƙasa da gaskiya. Don gane na farko ana yi wa kifi alama biyu, misali ƙwaya da yankan fiffike: duk wanda ya dawo da yanka babu ƙwaya, an san ƙwayar ce ta faɗi. Don gane na biyu ana tsare wani rukuni a tanki na kwanaki a ga nawa suka mutu idan aka kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba.

Akwai wata jaraba da ya kamata a guje mata: a sa wa 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki alama, a ce tsirarsu ita ce tsirar na daji. Sun fi sauƙin samu, amma kusan ko'ina aka gwada, na tanki sun fi mutuwa a teku. Ana rubuta su daban.

Mataki na uku: ƙirga masu dawowa, da mayar da kowa shekararsa

Manya ana ƙirga su a tarkon hawa, ko da na'urar da ke jin wucewar kifi a kan madatsa, ko da kyamara. Amma kifin da suka dawo bana ba 'yan shekara ɗaya ba ne. Akwai wanda ya fita bara, akwai wanda ya fita bara waccan. Idan ba ƙwaya a jikinsa, ɓawonsa ake tambaya. Ana kankare 'yan ɓawo daga gefen jiki, ƙasa da ƙarshen fiffiken baya, a sa a ambulan takarda, a rubuta tsawo da nauyi da rana. Ba a sa shi a leda, ruɓewa yake yi. A ƙarƙashin madubi ɓawon yana nuna zobba: na zaman kogi a matse, na teku da faɗi, kuma kowane lokacin sanyi zobban suna matsewa. Da haka ake sanin shekarun kogi da shekarun teku.

Misali: an sa wa 'yan tafiya 2,000 ƙwaya a shekara ɗaya. Badi 70 suka dawo, shekara mai biye 30. Jimilla 100, wato kashi 5 cikin 100. Idan gwaji ya nuna na'urar karatu tana jin tara ne cikin goma, sai a raba 100 da 0.9, a samu 111, kason ya zama 5.6. Ba a rufe littafin wata shekara sai bayan shekara uku, kuma duk kifin da ya dawo ana rubuta shi a shafin shekarar da ya fita, ba shekarar da ya dawo ba. Wanda ya haɗa su ba zai taɓa gane wace shekara ce teku ta yi muni ba.

Saura abu ɗaya: wanda masunta suka kama a hanya. Kifin da ya tsira a teku har ya iso gaɓa sannan taru ya ɗauke shi, ba teku ce ta kashe shi ba. Don haka ana fitar da lamba biyu, dawowa gaɓar teku da dawowa cikin kogi, kuma ta farko tana dogara ne ga masunta da 'yan kasuwa su miƙa kan kifin da ke da alama.

Abin da shekaru hamsin na ƙirga suka nuna

A kogin Bush, daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan tafiya suna dawowa gaɓa. Daga ƙarshen shekarun 1990 lambar ta fara faɗuwa, daga baya ta koma ƙasa da 10 a yawancin shekaru, a wasu shekarun ƙasa da 5. Ƙungiyar NASCO, wadda ƙasashe suka kafa a 1984 don kare salmon na Arewacin Atlantika, ta bayyana cewa yawan salmon na daji a teku ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1983 da 2016. A Disamba 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da shi rukunin halittun da ke dab da shiga haɗari, bisa raguwar kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020.

Abin lura shi ne an rage kamun salmon ƙwarai a wannan tsakani. Kamun yammacin Girinlan, da ya kai kusan tan 2,700 a 1971, an mayar da shi ɗan kaɗan. Kanada ta rufe kamun kasuwanci a tsibirin Newfoundland a 1992. Ailan ta hana tarun da ake saki yana bin ruwa a teku daga 2007. Duk da haka kason tsira bai koma yadda yake ba. Da yawan kamu kawai ake dubawa, da an ce taru ne kaɗai matsalar, a rufe a koma gida. Ƙirgar fita da dawowa ce ta nuna cewa kogi na fitar da 'ya'ya amma teku ba ta mayarwa.

Dalilan da bincike ya fi nunawa su ne ɗumamar teku da canjin ƙananan halittun da abincin salmon ke ci, wanda ke rage girmansa a watannin farko, kuma ƙaramin kifi shi ake fara cinyewa. Akwai ƙwarƙwatar teku da ke yaɗuwa daga kejin kiwon salmon a Norwe da Sikotlan da Ailan. Yadda aka tabbatar da ita ya isa koyi: a raba 'yan tafiya gida biyu, a ba rabi maganin ƙwarƙwata, a bar rabi, a sa musu alama daban, a sake su rana ɗaya. Bambancin dawowarsu shi ne ɓarnar ƙwarƙwata. A Tekun Fasifik kuma akwai gasar abinci, don gidajen ƙyanƙyasa suna sakin 'ya'yan salmon kusan biliyan 5 duk shekara, ga kuma zafin teku na 2014 zuwa 2016 da ya taɓa rukunai da yawa.

Yadda za a yi a ruwan Katsina da Daura

Tarwaɗa da karfasa ba sa zuwa teku, kuma ba su da ƙofa ɗaya. Amma ruwanmu yana da wata dama da kogin Turai ba shi da ita: da rani, bayan dam ya daina amai kuma rafukan da ke ciyar da shi sun ƙafe, ba shiga ba fita. Rufaffen ruwa shi ne mafi sauƙin ƙirgawa.

A ƙaramin dam na ƙasa, ko tafki, ko babban kududdufin da ke kai rani, a yi amfani da hanyar alama da sake kamu, wadda masanin kifi ɗan Denmak, Petersen, ya yi aiki da ita tun ƙarshen ƙarni na 19. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu ruwa ya yi zafi, iskarsa ta yi kaɗan, kifin da aka riƙe a hannu mutuwa yake yi.

Kayan aiki: baho biyu, almakashi mai kaifi, allon awo da aka manna wa rula, tsumma mai laima, gishirin girki, man kanumfari, littafi mai tauri da fensir. Biro yana narkewa in ruwa ya taɓa.

A fara da sassafe. A kama da birgi, wato tarun da ake jefawa, ko koma, wato ƙaramin tarun hannu, ko gura, wato tarkon kifi. Ban da kalli, tarun da ake kafawa ya kwana a ruwa, da mamari, igiya mai jerin ƙugiyoyi, a wannan mataki, don kifin da ya kwana a idon kalli ko ƙugiya ta soke shi ba zai rayu ba ko da ya fita yana iyo. A zuba man kanumfari mililita 1 a ƙaramar kwalba da ruwan ɗumi a girgiza sosai, a juye a ruwa lita 20, wato jarka ɗaya. A sa kifi biyar ko shida a lokaci ɗaya. Cikin minti biyu zuwa uku za su kwanta gefe; da sun kwanta a fitar, kada a bar su suna jiran layi. A riƙe da jiƙaƙƙen hannu ko tsumma, don busasshen hannu yana goge yauƙin jikin kifi, ta nan ciwo ke shiga. A auna tsawo, a yanke rabin fiffiken ciki na hagu. Tarwaɗa ba ta da fiffiken kitse irin na salmon, kuma kada a taɓa ƙayar da ke gefen kanta. A sa a baho na biyu mai ruwa mai tsabta da gishiri giram 3 zuwa 5 a kowace lita. Sai ya miƙe yana iyo daidai sannan a sake. Wanda ya ci gaba da kwanciya a cire shi daga lissafi, a kai gida.

Kada a zuba su duka a gaɓa ɗaya. A rarraba su sassan ruwan, a bar su kwana uku zuwa bakwai su gauraya da sauran. Kada kuma a wuce sati biyu ko uku, don rabin fiffiken da aka yanke yana sake tsirowa, musamman a karfasa. A kwanakin jira Sarkin Ruwa ya tsayar da kamun kifi, ko kuma a rubuta duk mai alamar da aka kama a cire shi daga adadin.

Kamu na biyu a yi shi da kaya daban da na farko, a wurare daban. Dalilin: kifin da birgi ya taɓa rufewa yana koyon gudunsa, wanda kuma ya ci dusa a gura yana komawa. Kowanne yana karkatar da lissafi. A duba kowane kifi ɗaya ɗaya, a rubuta jimilla da adadin masu alama. Lissafin: adadin da aka yi wa alama, sau jimillar kamu na biyu, a raba da masu alamar da aka samu. Idan an yi wa karfasa 300 alama, aka kama 400 a karo na biyu, 20 na da yanka, to 300 sau 400 raba 20, kifi 6,000 ke nan. Idan masu alamar da aka samu ba su kai 10 ba, lambar ba ta da ƙarfi, a ƙara kamu. Kowane irin kifi da nasa lissafi, kuma lambar ta shafi girman da kayan ke kamawa ne kawai, ban da 'yan mitsi-mitsin da ke zamewa ta ido.

Wannan ya ba da yawan kifi. Tsira daga shekara zuwa shekara kuwa tana buƙatar alamar da za ta daɗe, wato 'yar robar lamba da ake harbawa gindin fiffiken baya, kowace shekara da launinta. A saki 400 masu jar roba bana a Disamba. Badi a Disamba a saki wasu 400 masu shuɗiya, girman su ya zo daidai da girman da na bara suka kai. A cikin kamun watannin da suka biyo baya, a ce an samu jajaye 18 da shuɗɗa 60. Rukunan biyu ruwa ɗaya suke ciki, taru ɗaya ke bin su, bambancinsu shekara ɗaya ce da jajayen suka yi. 18 raba 60 ya ba da kashi 30 cikin 100: abin da ya tsallake shekara ke nan, daga taru da cuta da ƙafewar ruwa duka. Kyawun wannan hanya shi ne ko masunta ba su dawo da duk robobin ba, matuƙar ba su fifita wani launi ba, lissafin yana tsayawa. Abin da ke ɓata shi faɗuwar roba ne, don haka a haɗa da yanke fiffiken ciki ɗaya tun daga gindi, wanda ko ya tsiro a karkace yake fitowa, a gane nawa suka yar da tasu.

Robar ba ta dawowa sai masunci ya yarda da aikin. Idan ya ɗauka ƙirgar share fagen haraji ce ko hana kamun kifi, zai cire ta ya jefa ruwa. Tun kafin a taɓa kifi ɗaya a zauna da Sarkin Ruwa da dattawan masunta da dillalan bakin dam, a faɗa musu abin da ake nema, a tabbatar musu kifin na wanda ya kama ne, robar kawai ake so, da ɗan tukuici a kai. Littafin ma a hannunsu ya kamata ya zauna.

Manyan ruwaye irin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma da dam ɗin Jibiya sun fi ƙarfin wannan hanya. Dubban da za a yi wa alama kafin a sake ganin goma sun yi yawa. A can abin yi shi ne kamun gwaji marar canzawa. A ware kalli uku ko huɗu masu idanu daban-daban, misali inci 2 da 3 da 4, tsawonsu sananne. A zaɓi wurare huɗu, a saka da magariba a ɗaga da asuba, dare biyu a kowane wata, a daidai kwanakin wata iri ɗaya, tun da hasken farin wata yana rage kamu. A rubuta adadi da nauyi da tsawon kowane kifi. Wannan ba zai faɗi yawan kifin dam ba, amma zai nuna hawa da sauka. Tsawon ma ya fi adadin magana: idan shekara bayan shekara manyan suna ɓacewa daga allon awo alhali ƙananan na nan, manya ake kashewa da wuri, taru ne. Idan ƙananan ne suka ɓace, matsalar tana wurin haihuwa. Sai a duba farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke haurawa cikin ciyawar da ruwa ya rufe don zuba ƙwai kuma ake tare ta a bakin rafi, a duba gidan sauro da wasu ke jan ruwa da shi, da laka da ke cike dam, da maganin feshin lambunan gaɓa.

Tare da kowane kamu a rubuta tsayin ruwa a jikin wani sanda ko gini da ba ya motsi, da zafin ruwa da asuba. Da masu salmon ba su ajiye bayanin yanayin teku ba, da sun ga faɗuwar amma ba su da abin da za su jingina ta gare shi.

Mai kiwon tarwaɗa a tanki shi aikinsa ya fi na kowa sauƙi, kuma shi ya fi sakaci. A ƙirga 'ya'yan da hannu ranar da aka kawo su, kada a dogara da lambar mai sayarwa. A rubuta gawar da aka tsame kullum. A kowane tacewa, wato raba manya da ƙanana, kamar duk sati biyu a watannin farko, a sake ƙirgawa. Idan an zuba 1,000, an tsame gawa 40, aka ƙirga 820, to 140 da suka ɓace ba ruwa ne ya kashe su ba, manyan cikinsu ne suka haɗiye su, kuma maganin tacewa ne ba magani daga kemis ba.

Shekara ɗaya ba ta nuna komai, biyu ma haka. Tsirar salmon tana iya ninkawa ko ta rabe biyu daga shekara zuwa shekara ba tare da wani abu ya canja na dindindin ba, shi ya sa ake duba matsakaicin shekaru biyar. Babban abin da ke kashe irin wannan aiki canja hanya ne a tsakiya: sabon taru, sabon wuri, sabon wata. Idan dole a canja taru, a yi shekara ɗaya ana saka tsoho da sabo tare, a san yadda kamunsu yake da juna. A shafin farko na littafin a rubuta girman ido da tsawon kowane taru da sunayen wuraren sakawa, yadda wanda zai gaji aikin ba sai ya tambaya ba. A ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafukan da waya a tura wa mutum biyu daban, ɗaya daga cikinsu jami'in kula da kifi na yankin ko wani malamin jami'a da ke wannan fanni.